Saura shekara 81 a lis ɗin fulat ɗina, in sabunta yanzu ko in jira?

Maman Ikram:
Assalamu alaikum yan uwa, dan Allah masu gida a Ingila ku bani shawara. Fulat ne mai ɗaki biyu muka saya a Birmingham, ni wlh lokacin murna ta hana ni kula da wani lis, wato wa'adin shekarun da gidan zai zama namu kafin ya koma hannun mai ƙasar da aka gina shi a kai, jiya ina duba takardu naga saura shekara 81 da yan watanni. Maƙwabciyata tace in ya sauka ƙasa da 80 kuɗin sabuntawa ninkawa yake, maigida kuma yace mu jira tunda anyi sabuwar doka zai yi sauƙi. Kuɗin hannunmu ba yawa, na makarantar yara muke tarawa, hankalina ya tashi sosai.

Baban Zara:
Wa alaikumus salam Hajiya. Maƙwabciyarki bata faɗi ƙarya ba, duk da ba lallai ya ninka daidai ba. Dokar 1993 ta baki haƙƙin ƙara shekara 90 akan abinda ya rage miki, kuɗin ƙasa da kike biya duk shekara kuma ya koma sifili, su ƙwayar masoro suke ce masa. Amma da zarar ya gaza 80 akwai wani ƙari da suke kira marej balyu, wato darajar da gidan zai ƙara bayan an sabunta, sai ku raba biyu da mai ƙasa, rabin nan shi yake karya mutane. Abinda nake so ki riƙe, ranar da lauyanki ya miƙa wa mai ƙasa takardar neman sabuntawa, wadda ake kira takardar sashe na 42, ranar ake tsayar da lissafi, ko da zancen ya ja shekara guda ana ciniki da shekarun wannan ranar za'a yi miki kuɗi. Shi mai ƙasa ana bashi aƙalla wata biyu ya dawo da nashi farashin, kuma zai iya neman kafin alƙalami kashi 10 cikin ɗari na abinda kika taya, ko fam 250 in ita tafi yawa.

Yaya Hajjo:
Ƙanwata ki saurare ni, ni na jira kuma na gani. Nawa saura 83 ne nace sai na gama wani bashi, rashin lafiya ta shigo, kafin in farga ya koma 78, da na tashi sayarwa mutum biyu suka fasa saboda bankunansu sun ƙi bada mogej, wato bashin sayen gida, akan lis gajere. Har yau abin yana ci min rai. Kuma kar ki lissafa kuɗin lis kaɗai, akwai lauyanki, akwai mai ƙiyasta gida naki, sannan na mai ƙasa ma ke zaki biya masa nashi lauyan da mai ƙiyastawar.

Ɗan Birni:
Amma fa maigidanta yana da hujja. Dokar 2024 tace za'a koma shekara 990 a cire marej balyu gaba ɗaya. Mu da muka saba da C of O, takardar mallakar fili mai shekara 99 a gida Najeriya, ba wanda yake ƙirga kwana, shi yasa abin nan yake zuwar mana bagatatan.

Baban Zara:
Haka ne malam, an sa mata hannu a watan Mayun 2024, amma ba duka aka fara aiki da ita ba. Sharaɗin sai ka shekara biyu da gida kafin ka nemi sabuntawa an cire shi a Janairun 2025, na 990 da cire marej balyu kuwa ana jira. Wanda yake da 75 ya riga ya faɗa cikin marej balyu zai iya cewa bari in gani, mai 81 kuma jiran zai iya jefa ta inda bata shiga ba. Hajiya ki tuntuɓi LEASE, hukumar bada shawara kan harkar lis, shawararsu kyauta ce, suna da kalkuleta a intanet da zai baki kwatankwacin kuɗin. In mai ƙasa yace ku sasanta a bayan fage kar ki sa hannu sai lauya ya karanta, in kuma farashi ya gagara akwai tirabunal, wato kotun da take yanke farashin, wata shida gareki daga ranar amsarsa.

Maman Ikram:
Allah ya saka da alheri, Yaya Hajjo Allah ya mayar miki da mafificinsa. Na nuna wa maigida, yace Litinin mu kira lauyan da yayi mana takardun sayen gidan. Wannan kafin alƙalamin yana cikin kuɗin ne ko daban yake?

Baban Zara:
Yana ciki, a ƙarshe za'a cire miki shi.