Na kasa komawa Babban Masallacin Kano, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. A cikin birni aka haife ni, kuma tun ina ƙarami mahaifina, Allah ya jiƙansa, yake riƙe hannuna mu tafi Babban Masallaci kusa da Gidan Sarki. Ranar Juma'a 28 ga Nuwamba 2014 ina sahun waje. Ana tayar da salla bam ya tashi, sannan aka buɗe wa masu gudu wuta. Mutum fiye da 100 suka rasu. Ni ko ƙwarzane ban samu ba, takalmina kawai na baro.

Tun ranar ban sake taka harabar ba. Da na hango koriyar ƙubbar nan da hasumiyoyinta biyu sai gabana ya faɗi, tafin hannuna ya jiƙe. Yanzu ɗana mai shekara 9 ya matsa in kai shi inda kakansa yake kai ni. Raunin imani ne ke damuna? Yaya zan yi?

Baban Hafsa: Wa alaikumus salam. Malam, cire maganar raunin imani daga ranka. Ido ya ga abin da ya fi ƙarfinsa, jiki kuma bai manta ba. Kada ka fara da Juma'a. Je ka sallar La'asar ranar Talata, lokacin da babu cunkoso, tare da aminin da ya san labarin.

'Yar Yerwa: Yaya, kwana uku kafin naku aka tayar da bam biyu a Kasuwar Monday ta Maiduguri. Na daɗe ko ƙarar murfin tukunya na ji sai na zabura. Abin da ya fi ci mini rai shi ne garin da nake so ya koma wurin da nake tsoro. Sai da na ga likitan ƙwaƙwalwa na fara samun barci. Kai ga asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ga Asibitin Malam Aminu Kano kusa da kai. Zuwa can ba hauka ba ne, kada surutun mutane ya hana ka.

Malam na Fagge: Addu'a da magani ba sa karo, ka haɗa duka. Yaron kuma kada ka ɗauke shi a zuwan farko, ya ga babansa yana rawar jiki.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na kira abokina, mun tsayar da Talata. Ko a bakin ƙofa ne zan tsaya.