Ta yaya za mu auna sharar unguwarmu mu gabatar wa Mai Unguwa da Dagaci?

Sakataren Matasa: Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu da ke wata unguwa a wajen badalar Kano tana fita yashe kwata duk Asabar ɗin ƙarshen wata, amma kafin mako biyu kwatar ta sake toshewa. Mun yanke shawarar tantance sharar da gidaje ke fitarwa mu auna ta, domin idan za mu je gaban Mai Unguwa da Dagaci mu je da hujja a hannu, ba koke kaɗai ba. Wane tsari ya kamata mu bi, kuma gida nawa za su isa?

Malamin Kimiyya: Wa alaikumus salam. Tsarin da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunai ta fitar domin birane yana ɗaukar gida 90, ana karɓar shararsu kwana 8 a jere, sannan a zubar da ta ranar farko ba tare da an lissafa ta ba, saboda mutane sukan haɗa da tsohuwar sharar da ta daɗe a zaure. A ganina, ga unguwa ɗaya gida 25 zuwa 30 sun wadatar, muddin kun haɗa da gidajen masu hali, da na haya, da manyan gidajen gado. Ku ba kowane gida buhu, ku rubuta yawan masu kwana a ciki, ku auna da sikeli mai ratayewa, sannan ku juye a kan tamfol ku ware ragowar abinci, leda, robobi, kwali, gwangwani, kwalba, tsumma, da ƙasa da toka. Idan kun raba nauyin da yawan mutane da yawan kwanaki, za ku sami abin da mutum ɗaya ke fitarwa a rana. Rahoton Bankin Duniya na 2018 ya ƙiyasta kilo 0.46 ga mutum ɗaya a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, wanda za ku iya kwatantawa da naku. Kada kowa ya taɓa tsibin ba safar hannu mai kauri da takunkumi, domin ana samun allura da reza.

Uwar Marayu: Ɗana, Malam ya faɗi gaskiya, amma kun sa Mai Unguwa a ƙarshen aiki alhali shi ne farkonsa. Duk wanda ya ga samari da littafi suna tambayar yawan mutanen gida zai ɗauka haraji ne ke tafe, kuma babu abin da zai kawar da wannan zargi sai sanarwar Mai Unguwa da ta liman bayan salla. Sannan shara aikin cikin gida ce, mata ke yin ta, yara ke fitarwa, ku kuwa ba za ku wuce zaure ba. Ku nemi malaman Islamiyya mata su shiga su yi bayani. Ku sa wa buhunan lamba maimakon suna, domin sharar gida sirrin gida ce, kuma ba wanda zai yarda a san abin da tukunyarsa ke dafawa. Ku kuma sani akwai abin da ba zai shiga buhunku ba: ƙarfe 'yan jari-bola sun saye, ɓawon dankali da dusa kuwa tumaki sun cinye.

Tsohon Duba-Gari: Ina jan hankalinku a kan abu ɗaya, wato sikeli yana iya yaudararku. Yawancin tsakar gidajenmu ƙasa ce, ana kuma girki da itace ko gawayi, saboda haka ƙasa da toka za su rinjaya a nauyi, ledar ruwa kuwa ko ta cika buhu ba ta da wani nauyi, alhali ita ce ke toshe muku kwata. Ku riƙa aunawa da bokiti bayan sikeli, ku rubuta duka biyun. A rana ta takwas kada ku kai wa Mai Unguwa takarda. Ku roƙe shi ya tako da kansa tare da dattawa ya ga tsibin ledar kwana bakwai daga gida talatin kacal, shi da kansa zai lissafa na sauran gidajen. Daga nan ku nemi abu ɗaya tak wanda yake cikin ikonsa, kamar ware wurin tara leda, ko ya rattaba hannu a kan wasiƙarku ya miƙa wa Dagaci, ta kai ga Hakimi da hukumar kwashe shara ta jihar Kano, wato REMASAB. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna kai takin juji gona, kuma idan babu leda a ciki ya fi daraja a wurinsu. Ku maimaita awon da damina, domin jiƙaƙƙiyar shara ta fi nauyi.

Sakataren Matasa: Allah ya saka muku da alheri, Hajiya da Malamai. Gobe bayan La'asar za mu je gaishe da Mai Unguwa. Sauran tambayata ita ce, shagunan bakin titi da masu shayi, a haɗa su cikin gida talatin ɗin ko a ware musu nasu awon daban?