"Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana": wane ne gugan?

Ɗan Tahoua: Salama ƴan'uwa. Ran Lahadi mai wa'azi ya taɓo masu cewa sun gaji, addu'a ta yi musu nauyi, Littafi Mai Tsarki ba ya shiga. Ya ce Ubangiji bai daina bayarwa ba, rijiya ta ba da ruwa guga ya hana, wai zuciyar mai gajiyar ce gugan. Da aka tashi, dattawa biyu suka yi ta musu a bakin ƙofa. Haka ake faɗin wannan karin maganar?

Dattijon majami'a: Ɗana, ya juya ta. Ana faɗinta idan mai abu ya yarda, na tsakani ya tare. Maigida ya ce a ba ka, yaron shago ya ƙi. Mai ƙishirwa ba ya zama guga. Wanda ya zo a gajiye ka ce masa shi ya hana kansa, ka ƙara masa kaya ne.

Mai bishara: Baba, amma akwai gugan da ya huje. Mutum ya bar zumunci wata uku, ya riƙe wani a zuciya, sa'an nan ya ce Allah ya yi shiru.

Malamar yara: Akwai, amma ku buɗe 1 Sarakuna 19. Annabi Iliya ya roƙi mutuwa a jeji. Mala'ika bai tsawata masa ba: ya bar shi ya yi barci, ya ba shi gurasa da tulun ruwa, ya sake kwantawa, aka sake ta da shi ya ci. Sai bayan tafiyar kwana 40 zuwa dutsen Horeb aka tambaye shi me yake yi nan, aka ce masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa gunkin Ba'al ba, aka ba shi Elisha ya zama magajinsa. Mu kuwa azumi muke fara ɗora wa mutum, cikin zafin Afrilu.

Jikar Adar: Inna Malama, kin tuna mini kakata. A ƙauyensu idan bazara ta yi nisa, rijiya sai ta koma laka. Mata suna jefa wasaki, wato gugan fata, da rana tsaka, su jawo taɓo, su yi ta zagin rijiya. Ita ba ta zuwa. Takan ce a bar ta ta kwana, ruwa yana tsattsafowa da dare. Da asuba take zuwa, ta saki igiya a hankali don kada ta dama ƙasan, ta ɗebi rabin wasaki rabin wasaki har tulu ya cika. In an kwana biyu bai taru ba, sai ta tara maza a yi yasa: ɗaya ya sauka da igiya a ƙugu, uku suna riƙe, ana fitar da yashin da ya toshe idon. Ba ta taɓa yarda mutum ya sauka shi kaɗai ba.

Ɗan kabu-kabu: Da kakarki ta tsaya takara da na zaɓe ta! Waɗanda suka yi mana alkawarin fanfo lokacin zaɓe, ko guga ba mu gani ba.

Dattijon majami'a: Waɗannan ai rijiyar ma suka kulle da kwaɗo.

Ma'aikaciyar jinya: Ku dawo. Gajiyar da ta wuce sati biyu, babu barci, babu cin abinci, a je likita a duba jini. Zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini suna sa mutum ya ɗauka bangaskiyarsa ce ta mutu. Wanda ya fara maganar gara ya mutu kuwa, kada a bar shi shi kaɗai ko dare ɗaya.

Malamar yara: A kuma rage masa aiki. Mace ɗaya tana mawaƙa, tana Zumuntar Mata, tana koyar da yara, ga addu'ar dare. Ta ajiye biyu na wata ɗaya, ta riƙe Zabura guda, ko ta 42, safe da yamma, wata ƴar'uwa tana leƙa ta. Yetro, surukin Musa, ma ya gaya masa aikin ya fi ƙarfinsa shi kaɗai.

Mai bishara: To a labarin kaka, mutum shi ne rijiyar ke nan? Ni na san Ubangiji ne rijiya.

Jikar Adar: Yaya, ita ruwa kawai take nema.

Ɗan Tahoua: Ɗaya dattijon cewa ya yi da "mai haƙuri yakan dafa dutse" aka kawo, da ba a yi musu ba.

Ma'aikaciyar jinya: Wannan ma sai mun zauna a kanta, don da ita ake rufe bakin mata da yawa.