Zan je taron marubuta a Abuja karo na farko, ku faɗa min yadda kuka yi

Maman Hanifa, Unguwar Rogo, Jos: Assalamu alaikum 'yan'uwa. In Allah ya yarda bana zan halarci babban taron shekara na ƙungiyar marubuta ta Najeriya, ANA, a unguwar Mpape da ke Abuja. Littafina ɗaya ne tak, kuma na Hausa, shi ya sa gabana yake faɗuwa, don na ji an ce da Turanci ake komai. Waɗanda suka taɓa zuwa, me kuka tarar?

Malam Ɗanlami, Bauchi Road: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki fara da reshen jiha, ki biya kuɗin ƙungiya, ki ji ko za a tafi a ayari. Sannan ki yi sammako. Zuwana na farko sai bayan azahar na bar Jos, muka gangara Hawan Kibo, muka wuce Akwanga da Keffi lafiya lau, amma cunkoson Mararraba da Nyanya ya riƙe mu har bayan isha'i. Mpape kuma bisa tudu take, ga manyan motocin dakon dutse, ba wurin da baƙo zai nema da dare ba ne. Rigunan sanyin Jos ki bar su a gida, zafi za ki tarar.

Anti Binta, Kubwa: Ƙanwata, wannan fargabar ni ma na yi ta. Ranar farko littattafaina ko fito da su daga jaka ban yi ba, ina ganin wa zai kula da su. Washegari wani dattijo ya ga ɗaya a hannuna, ya tambaye ni me ya sa ban baje su a tebur ba. Ya ce filin nan da muke tsaye a kai Mamman Vatsa ne ya ba marubuta a 1985 yana ministan Abuja, kuma ba wanda ya ce na masu Turanci ne kawai. Da aka zo karatu na miƙe na karanta shafi guda da Hausa, muryata tana rawa, sannan na faɗi ma'anarsa a taƙaice da Turanci. Wallahi wata mata daga Inugu da ba ta jin ko "zo" ta biyo ni har waje ta sayi kwafi, wai sautin ne ya kama ta.

Abin da zan ce ki shirya tun daga gida shi ne wannan taƙaitawar. Layi huɗu ko biyar, ki rubuta, ki maimaita har ya zauna a bakinki. Za a yi ta tambayarki littafin a kan me yake, kuma mai tambaya ba ya tsayawa dogon bayani. Shafin da za ki karanta ma ki zaɓe shi yanzu, ki karanta wa mutanen gida da ƙarfi.

Abban Khalifa: Ni mai ɗab'i ne ya cuce ni. Ya yi min alkawarin kwafi 50, ranar tafiya ya kawo 12, gam ɗin ma bai bushe ba. Ki karɓi naki mako biyu kafin tafiya. Ki riƙe canji, don wani lokacin tiransifa kan ƙi tafiya mai saye ya wuce.

Hajiya Uwani: Batun masauki fa, ki tambaya tun yanzu da wa za a haɗa ki ɗaki. Ni na tafi da goyo, na samu wata baiwar Allah daga Zariya muka riƙa karɓa wa juna, har yau muna zumunci, ita ke duba min rubutu kafin in kai ɗab'i.

Maman Hanifa: Allah ya saka da alheri, hankalina ya ɗan kwanta. Anti Binta, in na rubuta layukan nan zan turo miki ki gyara min Turancin. Kwafi 30 gare ni a hannu, in tafi da su duka ko in bar goma a gida?