Masu kallon shirye-shiryen shagon tatu irin su LA Ink, ku zo mu yi hira

Maman Iman mai ƙunshi

Salam 'yan uwa. Bari in wanke kaina tun kafin malamai su yo kaina, ba cewa na yi a je a yi tatu ba, ni ƙunshi nake yi shekara goma sha ɗaya kenan kuma da shi nake rufa wa kaina asiri. Abin da ya sa na tayar da maganar nan, jiya wata amarya ta zo min da hoto a waya, fuskar mace ce aka zana a damtse da inuwa da komai har da ƙyallin ƙwayar ido, wai shi take so in yi mata da baƙin lalle kuma sauri take ana jiranta wajen kamu. Na ce ƙanwata wannan ai aikin allura ne ba na leda ba, kuma wadda ta yi shi ta kwashe awanni a zaune, sai ce min ta yi ai a bidiyo minti uku ta ga an gama. Na yi dariya har da hawaye don ni ma haka na taɓa zato.

Ina budurwa na fara kallon su a gidan yayata don su ke da dish. LA Ink, na Kat Von D ɗin nan mai taurari a gefen ido. Da a Miami Ink take wanda tashar TLC ta fara a 2005, ita kaɗai mace a cikin garada, suka saɓa da mai shagon Ami James ta tattara ta koma Los Angeles ta buɗe nata High Voltage Tattoo, aka yi mata nata shirin daga 2007 zuwa 2011. Ni ba labarin soyayyarta ko faɗansu ya dame ni ba wlh, hannun nake kallo. Akwai Hannah Aitchison mai iya haɗa kala da Kim Saigh, a wajensu na fara lura cewa fulawa ba a dasa ta a tsaye kamar sanda, sai ta bi lanƙwasar hannun mutum, kuma wurin da ka bari babu komai shi ke fito da wurin da ka cika. Amma da an fara nuna aikin sosai sai kamara ta juya kan wani yana kuka. Toh wanda ya taɓa bin shirye-shiryen nan ko ya taɓa shiga irin shagon da ƙafarsa ya faɗa mana me ya gani.

Direban Bronx

Maman Iman ni na shiga da ƙafata, rakiya na yi ba ni aka yi wa ba kafin a ce wani abu hhhh. Wani abokin aikina ne ɗan Dominika mahaifiyarsa ta rasu ya ce zai sa hotonta a ƙirji, ya roƙe ni in kai shi don bayan an gama ba zai so ɗamarar mota ta taɓa wurin ba balle ya yi tuƙi. Ni da na saba ganin Black Ink Crew na Harlem da tashar VH1 ta fara a 2013, inda kullum sai an yi ashar an watsa wa wani abin sha a fuska, na tafi da shirin ganin dambe. Wallahi shiru kamar ɗakin jiran likita. Mace ce ta yi masa, dattijuwa da tabarau za ta kai hamsin, tun wata biyu kafin nan ya biya kafin alƙalami aka ba shi rana. Da zuwa ta karɓi katin shaidarsa don a New York ba a yi wa wanda bai kai 18 ba ko da iyayensa sun yarda, ya cike fom, ta aske wurin, ta manna takardar zanen ta cire ta ce bai zauna daidai ba ta goge ta sake har sau uku. Wannan kaɗai kusan awa guda. Daga nan sai ƙarar inji zzzz kamar na aski, ta zana ta goge jini da tawada, ta zana ta goge, har na fita na yi azahar na dawo na sake fita na yi la'asar suna nan. Ba ta tambaye shi labarin uwarsa ba ko sau ɗaya, abin da ta fi tambaya shi ne ka ci abinci kuwa, kar ka sume min.

Ummu Sultan

Hhhh "kar ka sume min". Ni dai tunda na gane duk wanda ya shigo shagon a talabijin sai an ce kakarsa ta mutu ko ya tashi daga jinya na san zaɓo su ake yi. Ba mai zuwa kawai don yana son hoton kifi?

Nas ɗin Leeds

Anti Maman Iman sannu da ƙoƙari. Ni a nan Ingila Tattoo Fixers na fi gani, na tashar E4 da ya fara a 2015, mutum zai zo da shirmen da ya yi wa kansa ya je hutu ya bugu, ko sunan budurwar da suka rabu, a rufe masa da wani babban zane. Akwai mata a cikin masu zanen, Alice na fi so don ba ta da hayaniya. Dariya kam za ka sha, amma ni da nake aikin asibiti abin da ke ci min rai shi ne ana gamawa mutum ya duba madubi ya yi ihu sai a rufe shiri, ba a nuna sati biyun da ke biyo baya. Tatu fa ciwo ne buɗaɗɗe, allurar tana wuce fatar sama ta ajiye tawadar a ta ƙarƙashinta shi ya sa ba ya fita, shi kuwa lallenmu fatar sama kawai yake rinawa, ita kuma da ma saɓulewa take yi a hankali, sati biyu zuwa uku ya tafi. Na taɓa wanke wa wata yarinya ƙafa da ta kumbura ta yi ruwa saboda a gidan wani aka yi mata da injin da ya saya a intanet. Ba don wasa ba birnin New York ya hana sana'ar gaba ɗaya daga 1961 har 1997, ciwon hanta ne dalilin da suka bayar. A nan ma in ka yi tatu sai ka jira wata huɗu kafin a karɓi jininka.

Kuma tunda ga masu ƙunshi a wurin bari in faɗa ko za a ji haushina, baƙin lallen nan da ake haɗawa da dayis ɗin gashi akwai wani sinadari a ciki PPD, shi ke sa wasu hannunsu ya tashi ya yi bororo daidai shatin zanen. Wadda ya taɓa yi wa haka ko rinin gashi ta kiyaye daga baya.

Maman Iman mai ƙunshi

Ba wani haushi ƙanwata gaskiya kika faɗa. Ya taɓa faruwa da ni da wata ƙawar amarya, kwana uku ban yi barcin kirki ba. Yanzu duk wadda ban sani ba sai na ɗiga mata kaɗan tun ranar da ta zo kama layi, in ta ce ba ta da lokaci in ce toh ja kawai zan yi miki.

Malam na Tudun Wada

Assalamu alaikum. Tunda an ce kafin malamai su zo, ga mu mun zo. Hukunci dai a sarari yake, hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim an la'anci mai yi da wadda ake yi wa, lalle kuwa ado ne halal ga mata. Ni abin da na gani da idona, wani yaro da ya dawo daga karatu waje ya same ni bayan sallar isha'i ya naɗe hannun riga yana kuka, tambayarsa ko alwalarsa tana yi. Na ce masa tana yi, ya tuba kawai kar ya ƙara, kar kuma ya ƙona kansa da wani abu don ya ce min har ya fara tunanin dutsen guga. Da na tambaye shi me ya ja shi ya ce a ɗakin kwanansu kullum shirin gasar masu tatu suke kallo.

Ɗiyar Damagaram

Malam Allah ya saka da alheri. Ni kuma duk lokacin da na ga shirin nan kakata nake tunawa Allah ya jiƙanta. Tana da jarfa a goshi da gefen baki har wuya, ta koma kore-kore saboda tsufa, muna yara mukan sa yatsa muna bi tana korar mu. Ta ce tana 'yar budurwa aka yi mata, a tsattsaga da aska a shafa baƙin tukunya, kuma wadda ta yi raki ƙawaye su yi ta mata waƙa har ta yi aure. Daga baya da karatu ya yawaita aka bari, mamata ba ta da ko ɗigo. Shi ya sa da na ga tsohuwar nan ta Filifin, Whang-od, da mujallar Vogue ta can ta sa a bango a 2023 tana da shekara 106, tana aiki da ƙaya da gawayi tana ƙwanƙwasawa da ɗan itace, sai na ji kamar na san ta. Ita ba kamara ba kuka, tana zaune a ƙauyensu kan dutse mutane ke hawa su same ta.

Abba Zane

Ni mai zanen hoto ne da biro da fensir, Ink Master ne nawa, tun 2012, a wancan lokacin Dave Navarro ke gabatarwa ana cin dala 100,000. Shi aƙalla alƙalai suna zuƙo hoton su nuna maka inda layi ya karkace da inda tawada ta fashe a ƙarƙashin fata, na ƙaru da wannan ba kaɗan ba. Sai da aka yi zagaye bakwai maza na lashewa kafin Ryan Ashley ta ci na takwas a 2016, kuma duk wanda ya ga aikinta na baƙi da toka-toka, irin sarƙoƙi da duwatsun ado kamar ka sa hannu ka ɗauka, ya san ba alfarma aka yi mata ba. Anti ki nemi hotunan aikinta, ya fi kusa da ƙunshi a kan na Kat. Bayan nan har shiri aka yi musu na mata, Ink Master: Angels a 2017.

Abu ɗaya da ke ƙona min rai a irin gasannin nan, in aka jero waɗanda za a yi wa zanen aka zo kan baƙin mutum sai ka ga fuskar wasu ta canza, ana tura wa abokin hamayya shi kamar mugunta. Eh kala mai haske ba ta fitowa a fatarmu kamar a tasu, kuma mun fi saurin yin tabo mai tudu, amma ai gwani shi ne wanda ya iya da kowace fata. Su zo su ga yadda ake fitar da ja a ƙafar baƙar amarya.

Ummu Sultan

Wai ina Kat ɗin take yanzu? Na daina jin ɗuriyarta.

Abba Zane

Ta sayar da kamfanin kayan kwalliyarta a 2020, ta rufe shagon a ƙarshen 2021 ta koma wani ɗan gari a jihar Indiyana, a 2023 kuma aka yi mata baftisma a coci, da ma iyayenta 'yan mishan ne a Meziko aka haife ta. Yawancin zanen jikinta ma ta bi ta shafe da baƙar tawada, hannun baƙi ƙirin kamar ta sa safa.

Maman Iman mai ƙunshi

Ikon Allah, duk wannan aikin. Abba na duba Ryan ɗin yanzu, kai wannan sarƙar ta wuyan hannu zan gwada ta da salatif in gani ko za ta fito. Amaryar jiya kuwa a ƙarshe fulawa na yi mata har gwiwar hannu, awa biyu da rabi, ta yi ta tsaki tana duba agogo, ɗazu kuma ta turo min ƙanwar mijinta wai irin nata take so ranar Alhamis.