Harajin kirifto: a kan riba ko kan jari?

Ɗan Jekadafari: Jama'a, mai cinikin USDT (kuɗin kirifto, wato kuɗin intanet, da darajarsa ke bin dalar Amurka) a Gombe, a kan me zai biya haraji?

Malam Akanta: A kan riba, ƙanena. Ka sayi na naira 500,000 ka sayar 650,000, lissafin na kan 150,000. Dokar kuɗi ta Najeriya ta 2023 ta sa kashi 10 cikin 100. Daga Janairun 2026 ribar ta shiga harajin kuɗin shiga, iyakarsa kashi 25. Adana shaidar farashin saye, ita ke nuna jarinka.

'Yar Pantami: Malam, bambancin da ke tsakanin ƙasashe ke damuna. A Jamus, ka riƙe kirifto fiye da shekara, ba haraji. Indiya kashi 30 take karɓa. Mai hali ya ƙaura Dubai don guje wa harajin, ƙaramin ɗan kasuwa kuwa ya biya, ko da faɗuwar naira ce ta kumbura ribar.