A fita ko a zauna gida? Shawarwarin fadarmu ta Zango

Daren jiya a fadarmu ta Zango, wato majalisar da muke hira, nan Damagaram, har shayi ya kai na uku ana gardama: ranar da zaɓe ya dawo a Nijar bayan mulkin soja, in jam'iyya ɗaya ta kankane mulki kamar yadda PNDS-Tarayya ta yi daga 2011 zuwa 2023, mai ƙuri'a ya fita ko ya zauna gida?

Mafi yawa sun ce a fita, ni ma haka na gani. Wani dattijo ya tuna mana 2016: 'yan adawa suka ƙaurace wa zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, Mahamadou Issoufou ya wuce da sama da kashi 92 cikin 100.

An kuma ce kowa ya tsaya rumfar zaɓe har a ƙirga ƙuri'u a gabansa. Kan karɓar jaka biyu da turmin atamfa daga hannun 'yan takara, baki ya rabu. Wani ɗan garuwa ya ce shi ruwan famfon unguwarsu zai fara tambayar ɗan takara.